Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Katamaran

A ranar 6 ga Satumban 2017 guguwar Irma ta afka wa tsibiran Karibiyan, ta ratsa Barbuda da San Matin da Tsibiran Bajin na Birtaniya. A mashigin Parakita da ke tsibirin Tortola, inda kamfanonin haya kan ɓoye jiragensu da zarar an ji ƙishin-ƙishin guguwa, an wayi gari jirage sun hau kan juna, wasu sun kife, wasu sun nutse. Kamfanonin inshora suka sallami masu su, suka yi gwanjon abin da ya saura. Mutane da yawa da suka daɗe suna mafarkin mallakar katamaran suka yi rububin saye. Wasu sun farfaɗo da nasu suna yawo da su a teku har yau. Wasu kuwa kuɗinsu ya ƙare jirgin yana kan tudu, don sun fara gyara daga inda ya kamata su ƙare.

Katamaran jirgin iska ne mai gangar jiki biyu, dogaye sirara, an haɗa su da gada a tsakiya. A kan gadar nan jigo yake, wato dogon sandan da ke ɗauke da filafilai, kuma a manyan jirage nan ne falo da madafa suke. Faɗinsa shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma wahalarsa. Katamaran irin Lagoon 380, wanda Faransawa suka fara ƙerawa a 1999, tsawonsa ya ɗan haura mita 11 da rabi, faɗinsa kuwa mita 6 da rabi. Wannan faɗi ne ke hana shi karkata idan iska ta buga, amma shi ne ke sa duk igiyar ruwan da ta ɗaga ganga ɗaya ta bar ɗaya tana murɗa gadar. Wanda zai gyara irin wannan jirgi ya riƙe tsari ɗaya: a fara da ƙashin jirgin, a toshe duk wata ƙofar ruwa, a koma kan jigo da wayoyin da ke riƙe shi, sannan inji da lantarki. Fenti da katifa da labule su ne na ƙarshe.

Kafin ka biya ko sisi, ka sa a fito da jirgin daga ruwa, ka kuma ɗauki ƙwararren mai binciken jirage wanda kai za ka biya shi, ba mai sayarwa ba. Araha ba ta ado. Ba kowace ma'ajiyar jirage ce ke da injin ɗagawa mai faɗin da zai rungumi katamaran ba, shi ya sa masu gyara a Karibiyan kan nufi Cagwaramas a Tirinidad ko kudancin Girenada, inda akwai manyan injina da masu sana'a, kuma guguwa ba ta cika kaiwa can ba. Ka tambayi kuɗin fili na wata-wata tun da wuri, domin katamaran yana cin wurin kusan jirage biyu, kuma aikin da ka ƙiyasta wata uku yana iya shekara. Idan an sauke shi, ka tsaya da kanka a gyara masa zama. Katakan da za su tallafe shi su faɗo daidai ƙarƙashin wuraren da ke da bango a ciki, gangunan biyu kuma su daidaita da ma'auni. Jirgin da aka gyara yana zaune a karkace, a karkace zai daskare.

Aikin farko ba ya bukatar kayan tsada. Ƙaramar guduma ta roba da alli sun isa. Yawancin katamaran na zamani jikinsu hawa uku ne: fatar faiba a waje, fatar faiba a ciki, tsakiya kuma a sa itacen balsa marar nauyi ko soso mai tauri. Muddin ukun suna manne da juna, jikin yana da ƙarfin gaske kuma ba nauyi. Sai ka bi shi taki-taki kana ƙwanƙwasawa. Inda yake da lafiya za ka ji ƙara ta fito tsaf, gudumar tana tsalle ta dawo maka. Inda ruwa ya shiga ko fatar ta saki, ƙarar takan mutu, ka ji "dub" kamar ka bugi buhu. Ka zagaye wurin da alli, ka ci gaba. Ka fi mai da hankali a gindin duk abin da aka huda aka ɗaura: sandunan kariya na gefe, maɗaurin igiya, injin jan anka, bakin taga. Ta ramin noti ruwa ya fi shiga. Na'urar auna danshi tana taimakawa, amma takan yi ƙarya kusa da ƙarfe ko a kan fenti mai jan ƙarfe, don haka inda guduma da na'ura suka yi saɓani sai ka huda ɗan ƙaramin rami daga ciki ka duba abin da ya biyo bakin dirila. Farin gari busasshe alheri ne. Baƙin tsaki mai laima da warin tsami, balsa ta ruɓe. Lamarin kamar azarar soro ne da gara ta cinye: yaɓe yana nan sumul, ka taka ka rufta.

Gyaran wurin da ya ruɓe yana son haƙuri. Ka saita zurfin zarton lantarki daidai kaurin fatar waje, ka yanka ta a bisa layin alli, ka ɓamɓare ta, ka kankare ruɓaɓɓen ciki har sai ka isa balsa mai haske a kowane gefe. Kada ka tsaya a inda ta yi launin toka don tausayin aljihu. Ka bar wurin ya bushe sarai, ka rufe shi da tamfol idan hadari ya haɗo. Daga nan ka shafa danƙon ifoksi mai kauri, ka kwantar da sabon soso ko balsa mai kauri ɗaya da na da, ka danne da buhunan yashi har ya kama. Sirrin aikin yana bakin tsohuwar fatar. Dole a fere ta da giranda a kwance, faɗin feriyar ya ninka kaurin fatar sau 12. Idan fatar milimita 3 ce, a fere milimita 36 a kewaye. A kan wannan gangaren ne za a shimfiɗa ƙyallen faiba hawa-hawa, ana jiƙa kowane da ifoksi ana korar kumfar iska da ɗan abin murzawa, har kaurin ya cike. Facin da aka manna a bakin da ba a fere ba, ranar da teku ta murɗa jirgin zai ɓalle.

Don kada a maimaita, duk ramin da za a sake hudawa a jiki mai hawa uku a yi masa haka: a huda shi ya fi girman notin, a ƙwaƙule balsar da ke kewaye, a toshe ƙasa da salatif, a cika da ifoksi mai kauri, idan ya daskare a sake huda daidai girman notin a tsakiyarsa. Ko ruwa ya bi notin nan gaba, ifoksi zai tarar, ba itace ba. Aiki ne mai gundura, ramukan kuma suna da yawa, amma a ganina babu wani aiki a jirgin da ya fi shi riba.

Shi ifoksi ba a yi masa ƙiyasi da ido. Ruwa biyu ne ake haɗawa, danƙon da mai daskarar da shi, kuma kowane kamfani da ma'auninsa. Na West System, wanda 'yan'uwan nan Gougeon na Mishigan suka fito da shi, idan lamba 105 ce da 205, kashi biyar ne da kashi ɗaya. Ƙara mai daskarwa ba ya sa ya yi saurin kamawa, lalata shi yake yi. A ƙasa mai zafi ka nemi mai jinkirin kamawa, ka dama kaɗan-kaɗan, ka juye a faranti mai faɗi, don idan ya taru a kofi yakan ɗau zafi har ya yi hayaƙi ya narkar da kofin. Bayan ya bushe wani maiƙo kan taso a samansa. Wannan ruwa da soso ke wanke shi, kuma sai an wanke kafin a sa samfefa, in ba haka ba hawa na gaba ba zai kama ba. Ifoksi yana manne wa tsohuwar faiba da kyau, amma danƙon foliyesta mai arha ba ya manne wa ifoksi yadda ya kamata, don haka idan ka fara da ifoksi ka ƙare da shi. Ka sa safar hannu da takunkumi mai matata na gaske. Wanda fatarsa ta fara ƙin ifoksi, da wuya ya sake iya kusantarsa har ƙarshen rayuwarsa, ƙurar faiba kuma ba abar shaƙa ba ce.

Daga fata sai ƙashi. A cikin kowace ganga akwai bangwaye da ke tsaye a gicciye, su ne ke riƙe siffar jirgin, manyansu kuma su ke ɗaukar nauyin jigo da murɗar gada. Ana ɗaure su da jiki ne da ɗamarar faiba a kusurwa. Ka cire allunan ado da katifu, ka shiga da tocila, ka bi kowace kusurwa da yatsa. Farin layi a jikin ɗamarar, ko tsaga, ko gari a ƙasa, alama ce bangon yana motsi. Ƙofar da ta daina rufuwa da wayoyin jigo da ke saki ba dalili, su ma shaida ne. Kafin ka taɓa irin wannan bango a sauke jigo, ko a sassauta wayoyinsa, a tallafi gadar daga ƙasa ta koma mazauninta, sannan a goge tsohuwar ɗamara gaba ɗaya, a cike kusurwar da ifoksi mai kauri a lanƙwashe, a shimfiɗa sabuwa hawa-hawa, kowane hawa faɗinsa daban da na ƙarƙashinsa don kada ƙarfin ya ƙare a layi ɗaya. Idan babban bangon da ke ƙarƙashin jigo ne ya tsage, ka nemi injiniyan jirage ya ba ka lissafi. Wannan ba wurin gwaji ba ne.

Sandan alminiyam da ya haɗa goshin gangunan biyu shi ma a duba shi. Wayar gaba ta jigo tana jansa sama, wata waya da ke bisa ɗan ginshiƙi a tsakiyarsa tana mai da shi ƙasa. Duk inda notin sitenles ya ratsa alminiyam a ruwan gishiri, alminiyam ne ke cinyewa, za ka ga farin gari da fenti ya kumbura. A kwance, a goge, a shafa man raba ƙarfe irin su Duralac ko Tef-Gel kafin a mayar. Ragar da aka shimfiɗa a gaba kuwa, zarenta rana ke kashewa kafin ita kanta, sai ka karce ɗinkin da farce, idan ya tsinke a sake ta, don mutum ne zai taka ta a tsakiyar teku.

Akwai wani dangin katamaran da ya cancanci magana daban, wato na James Wharram, Baturen Ingila da ya ƙera jirginsa Tangaroa mai tsawon mita 7 da 'yan kai, ya ƙetare Tekun Atlantika da shi zuwa Tirinidad tsakanin 1955 da 1956. Zane-zanensa irin su Tiki da Pahi da filawud da ifoksi ake yin su, galibi a bayan gida, kuma a yawancinsu da igiya ake ɗaure sandunan gada da gangunan, domin jirgin ya riƙa ba da kai ga igiyar ruwa. Mai ƙaramin ƙarfi da ke son koyon wannan sana'a, a nan zan ce ya fara. Ana iya kwance shi gunduwa-gunduwa, a gyara kowace ganga a ƙarƙashin rumfa. Abokin gabarsa ruwan sama ne da ke kwanciya a mazaunin sandunan gada da bakin ƙyanƙyasai. Ka bi da sukundireba kana dannawa, inda ya nutse ka yanke har itace mai lafiya, ka fere bakin biyu a kwance sau 8 na kaurin filawud ɗin, ka manne sabo. Filawud na jirgin ruwa za ka saya, mai danƙon da ba ya jin ruwa, ba na kafinta ba. Igiyoyin ɗauri kuma a canza su duka.

A jiragen faiba kuwa, masu saye sukan firgita da ƙurajen da ke fitowa a ƙasan ganga. Ruwa ne ke ratsa fatar foliyesta a hankali, ya haɗu da ragowar sinadarai, ya taso ƙurji. Idan ka fasa ɗaya za ka ji warin ruwan tsami, ka kiyaye idonka. Ba kasafai suke nutsar da jirgi ba. In 'yan kaɗan ne, a fafe kowane, a wanke, a bushe, a cike. In sun game jiki, a feɗe fatar saman gaba ɗaya, a riƙa wankewa da ruwan daɗi a kai a kai, don rana kaɗai ba ta fitar da sinadaran. Bushewar kan ɗauki makonni ko watanni, kuma na'urar danshi ce za ta ce an gama, ba kalanda ba. Sannan a shafa ifoksi na kariya hawa da yawa. Wanda ya yi gaggawa ya rufe danshi a ciki, zai sake aikin.

Abin da ke nutsar da jirgi da gaske ramukan da aka huda da gangan ne. Kowace ganga tana da bawul-bawul na shigar ruwan sanyaya inji da na banɗaki. Ka karce kowane da wuƙa. Tagulla mai lafiya rawaya ce. Wadda ta koma ja-ja kamar jan ƙarfe, gishiri ya tsotse tutiyar cikinta, bugu ɗaya zai karya ta. A maye ta da tagulla ta gaske ko robar Marelon, a sa sabon tiyo, a ɗaure kowane baki da ɗamarar sitenles biyu, a rataye turken katako mai tsini kusa da kowane rami don ranar tsautsayi. Manyan katamaran suna da ƙyanƙyasan tsira a gefen ciki na ganga, dab da ruwa, don fita idan jirgi ya kife. Gilashinsu da firam ɗinsu sukan saki da tsufa, kuma an sha yin asarar jirage ta nan. A kwance su a sake ɗaurawa, ko a saya sababbi.

Inji biyu ne, ɗaya a kowace ganga, don haka kowane kashe kuɗi ninki biyu ne. Yawancinsu Yanmar ne ko Volvo Penta, masu ƙafa da ke ratsa ƙasan ganga ta riƙe farfela. Tsakanin ƙafar nan da teku babu komai sai faifan roba, kuma Volvo Penta ta ce a canza shi duk shekara 7. Idan ba wanda ya san ranar da aka canza shi, a canza. Ka zare ma'aunin man ƙafar: idan ya yi fari kamar madara, ruwa ya shiga ta bayan farfela. Ƙafar alminiyam ce, saboda haka fentin hana ƙwari mai jan ƙarfe da ake shafa wa ganga ba ya taɓa ta, nata daban ne, kuma dunƙulen tutiyar da ake ɗaura mata don gishiri ya ci shi a madadinta ba a yi masa fenti. A buɗe tankin dizal a kwashe baƙin yauƙin da ke kwance a ƙasa, domin ranar da teku ta girgiza shi zai toshe matata, inji ya mutu a lokacin da aka fi bukatarsa. Allunan tuƙi biyu a sauko da su, a ga ko ruwa na ɗiga daga cikinsu, a kuma auna su tafi tare idan an juya sitiyari.

Jirgi mai ganga ɗaya idan iska ta yi masa yawa sai ya karkata ya zubar da ita. Katamaran ba ya karkata, don haka duk bugun yana sauka a kan jigo da wayoyinsa, ƙarfin iska kuma idan gudunta ya ninka biyu, ninkawa yake sau huɗu. Wayoyin sitenles da suka kai shekara 10 a canza su ko da suna ƙyalli, kamfanonin inshora da yawa ma haka suke sharɗantawa. Sitenles kyan ɗan maciji gare shi: inda iska ba ta kaiwa, kamar cikin bakin da aka matse wayar ko inda ƙarfen ɗaurin wayar ya ratsa jiki, a nan yake ruɓewa a ɓoye. A sauke jigo a kwantar da shi, a zare ƙarafan ɗaurin, a goge su, a shafa jan ruwan gano tsaga. Filafili kuwa a gwada shi da allura: idan ƙyallen ya yage da ɗan ja, rana ta gama da shi, ɗinki ba zai cece shi ba.

Lantarki ba ya son dogon bayani, yana son tsabta. Wayar da ta yi baƙi ko kore a ciki a zare ta, a sa wadda aka lulluɓe da kuza, fiyus kuma ya zauna kusa da batir. Jirgin da ya taɓa nutsewa a ruwan gishiri, duk wayarsa ta tafi. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zuba ƙasan ganga yake gangarawa ya kwanta, shi ya sa tukunyarsa take zama a akwati rufaffe mai magudana zuwa waje.

A daidai wannan gaɓa ne mai gyara ke fara sha'awar ƙari: janareta, na'urar sanyaya ɗaki, injin wanki, katakon ado, ƙarin tanki. Ina roƙonka ka riƙe hannunka. Gangunan katamaran sirara ne, nauyi kaɗan ke nutsar da su, kuma duk santimitar da suka nutse, gada ta matso kusa da ruwa. Daga nan igiyar ruwa za ta riƙa dukan ƙasan gadar kamar ana harba bindiga, jirgin ya rasa gudu, bangwayen da ka sha wahalar ɗaurewa su koma shan azaba. Ka ajiye littafi, ka auna duk abin da ka fitar da duk abin da ka shigar, ka yi ƙoƙari jirgin ya koma ruwa bai fi yadda aka zana shi nauyi ba. Abu mai nauyi ya zauna a tsakiya, goshi da ƙeya su kasance sakayau. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, tankin lita 300 kuwa nauyin manya huɗu ne.

Sai yanzu fenti. A shafa shi da hantsi bayan raɓa ta bushe, ba da yamma ba lokacin da danshi ke sauka.

Ranar mayarwa ruwa, ka roƙi mai injin ɗagawa ya sauke jirgin ya taɓa ruwa amma kada ya saki ɗamarunsa. Ka shiga ganga ɗaya wani ya shiga ɗayar, kowa da tocila da busasshen tsumma, ku shafa gindin kowane bawul da kewayen ƙafar inji da ƙyanƙyasan tsira. In an ga ɗigo, a ɗaga a gyara nan take. Fitar farko ta kasance kusa da gaɓa, a iska mai sauƙi, da wanda ya san tuƙin katamaran a tare da kai. Bayan kun dawo a sake ɗaure wayoyin jigo, don sababbi sukan ɗan miƙe, a kuma sake shiga da tocila a duba kusurwoyin bangwaye. Kada ka ɗauki iyalinka zuwa teku mai nisa sai ka yi wannan fita sau da yawa, a iska iri-iri, ƙasan gangunan biyu kuma a bushe.